WAƘAR GAFARA BA TA BIYAN BASHI

Wata ranar Lahadi da hantsi ina zaune wurin mai shayi kusa da tashar mota a Birnin Kudu, sai iska ta kwaso mana muryoyin mata daga wata majami'a, ana kaɗa tulu, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Wani mai awon hatsi da ke kan benci tare da mu ya ajiye kofinsa, ya ce, "Kun ji su can? Su kam sun huta. A yi ta ɓarna tun daga Litinin har Asabar, ran Lahadi a zo a wanke da kiɗa." Wuri ya ɗauki dariya. Ni ma na yi murmushi don kara, kuma wannan murmushin ne ya hana ni sakat har na ɗauki alƙalami. Gama duk wanda ke wurin ya san mutumin nan mudu biyu gare shi, babba na saye, ƙarami na sayarwa, ga shi kuwa ba a raba shi da carbi.

To, ya kai mai karatu, faɗa biyu na zo da shi. Na fari da masu irin wannan magana, waɗanda ba su taɓa buɗe littafin waƙoƙin nan ba, amma sun yanke masa hukunci. Na biyu da mutumin da ke neman gafarar Allah da baki, alhali hakkin maƙwabcinsa na cikin aljihunsa. Shi wannan mutum akwai shi, ba ƙage ba ne. Sai dai ba gida ɗaya ya ke kwana ba: yana majami'a, yana masallaci. Ni Musulmi ne, da allo na fara kafin in san boko, saboda haka ba zan yi wa kowane ɓangare kara ba.

Bari mu fara da asalin waƙoƙin, don rashin sani ya fi dare duhu. A shekarar 1893 waɗansu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin kawo addinin Kirista cikin ƙasar Sudan. Biyu suka mutu cikin shekara guda, Bingham kaɗai ya tsira, shi ne ya raya ƙungiyar mishan da a ke kira S.I.M. A 1900 kuma wata tawaga ta mishan ɗin C.M.S., cikinta har da Likita Miller, ta iso Kano, Sarki Alu bai yardar musu su zauna ba. Daga baya Miller ya zauna Zariya, ya duƙufa a kan Hausa, har a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da harshenmu. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana tsare 'yan mishan daga garuruwan sarakunan Musulmi. Sai a shekarun 1930 suka sami ƙofa sosai a lardin Kano, ta hanyar jiyyar kutare da zama cikin Maguzawa. A 1954 ikilisiyoyin da S.I.M. ta kafa suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A.

Da ya ke mutanen Filato da Bauci da kudancin Zariya harsunansu sun yi yawa, sai Hausa ta zama harshen sujada a tsakaninsu. Shi ya sa in ka ji waƙa ran Lahadi a Birnin Kudu ko a ƙasar Gwaram, ko da masu yin ta Warjawa ne, ko jikokin Maguzawa, ko ma'aikatan da aiki ya kawo daga wata jiha, da Hausa za ka ji ta. Ka kuma lura da wannan: zunubi da tuba da gafara, kalmomin da waƙoƙin nan suka fi juyawa, dukansu daga Larabci suka shigo Hausa ta bakin malamanmu. Masu fassara sun tarar da su a zaure ne suka ara. Ashe mai awon hatsi ba shi da uzurin cewa bai ji abin da a ke faɗa ba. Saurara ce bai yi ba.

Waƙoƙin iri biyu ne. Akwai na cikin Littafin Waƙoƙi, waɗanda yawancinsu daga Turanci aka juyo su tare da muryoyinsu na Ingila da Amurka. Su ne ka kan ji wani lokaci an ja gaɓar da Bahaushe ba ya ja, ko an ɗaga murya inda ya kan sauke, ga shi kuwa a Hausa hawa da saukar murya ne ke raba wuya ta wahala da wuyan da a ke rataya laya. Akwai kuma waɗanda 'yan Zumuntar Mata ke tsarawa da kansu, da tulu da kacau-kacau, bayarwa da amshi, kamar yadda a ke waƙar daka da niƙa. Waɗannan ba su da baƙunta ko kaɗan a kunnen Bahaushe.

Na ari littafin nan wurin wani abokin aikina, na karanta shi daga bango zuwa bango. Ban ga baiti ko ɗaya da ya ce wa mutum ya je ya yi zunubi ya dawo a wanke shi ba. Abu uku na ga suna ta maimaituwa. Na ɗaya, mai waƙa yana amsa laifinsa, ba ya ɗora wa kowa. Na biyu, yana cewa ba shi da ikon wanke kansa, sai dai jinƙan Ubangiji. Na uku, yana alkawarin barin tsohuwar hanya. Wanda ya ce waƙoƙin nan lasin ne na ɓarna ya yi ƙazafi, ƙazafi kuwa zunubi ne a wurinmu ko a kan wa aka yi shi.

Kada wani ya ce na gama addinan biyu na mai da su ɗaya. Ban yi haka ba, ba na kuwa iyawa. Kirista sun gaskata cewa Almasihu ya mutu a kan gicciye ya zama fansar zunuban mutane, wannan ita ce cibiyar waƙoƙinsu. Mu Musulmi mun gaskata cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, kuma babu rai mai ɗaukar nauyin wani rai. Wannan saɓani ne babba, ba a rufe shi da fara'a, Allah ne zai yi hukunci a kansa. Amma saɓa wa mutum daban, yi masa ƙarya daban. Kana da iko ka ce ba ka yarda da abin da ya gaskata ba. Ba ka da iko ka laƙa masa abin da bai faɗa ba.

In kuwa roƙon gafara da waƙa ne abin dariya, to, mu fara da kanmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi da waƙa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauyuka. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya tsara Imfiraji cike da tsoron Allah da neman rahama, har makafi suka riƙa rera ta ƙofa ƙofa ana ba su sadaka ana share hawaye. Su ma Kirista suna da tasu makauniyar, Fanny Crosby ta Amurka, wadda ta rasu a 1915 bayan ta tsara waƙoƙi dubbai. Ɗan Adam, in nauyin laifinsa ya dame shi, ya kan nemi murya ya rera. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To, na gama da masu ƙazafi. Yanzu sai in juyo kan masu waƙar, don su ma ina da magana da su, da labarin wani nasu zan kuwa yi ta.

A cikin waƙoƙin majami'a na duniya da wuya a sami wadda ta kai Amazing Grace shahara. Wanda ya tsara ta wani Bature ne, John Newton, an haife shi a Landan a 1725. Matuƙin jirgin ruwa ne, fataken bayi ya yi wa aiki a gaɓar Saliyo. A 1748 hadari ya rutsa da jirginsu a teku har suka fid da rai, ya yi kira ga Allah, suka tsira. Shi da kansa ya riƙa lissafa wannan rana a kan mafarin tubarsa. To, me ka ke tsammani ya yi bayan nan? Ya bar fataucin mutane? Ina! Sai ma ya sami ƙarin girma, ya zama shugaban jirgin bayi. Yana karatun Littafi a sama, 'yan'uwanmu baƙaƙe suna ɗaure da sarƙa a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai bar teku ba sai a 1754, shi ma ciwo ne ya sauke shi. A 1764 ya zama limamin majami'a, a 1779 aka buga waƙar tasa. Amma sai a 1788, watau shekara 34 bayan ya bar sana'ar, ya fito fili ya rubuta ɗan littafi ya tona irin azabar da a ke yi wa bayi a cikin jiragen nan, ya amsa cewa da hannunsa a ciki. Ya goyi bayan William Wilberforce a yaƙin hana cinikin, majalisar Ingila ta hana shi a 1807, a ƙarshen shekarar Newton ya mutu.

Ka duba lissafin nan da kyau. Daga tsira a teku zuwa faɗin gaskiya a gaban jama'a shekara 40 ce. Waƙar ta riga gaskiyar fitowa da shekara 9. Da Newton ya mutu a 1780, da ya bar wa duniya waƙa mai daɗi, ya tafi da bashin dubban hawaye bai ko ambata ba. Ba muryar waƙar ce ta fid da shi kunya ba, takardar 1788 ce, gama a cikinta ne ya tsaya gaban waɗanda ya cuta ya ce, ni ne.

Littafinsu ma haka ya koyar. A Linjilar Luka, sura ta 19, akwai labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Dattawan Birnin Kudu da Gwaram ba sa bukatar a gaya musu ko wane ne mai karɓar haraji, sun ga zamanin haraji da jangali kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979, sa'ad da ƙasar nan ke cikin Jihar Kano. Sun san yadda a kan ƙara wa talaka abin da ba a rubuta ba. Shi Zakka da ya tuba bai tsaya ga kuka ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, duk wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. A Linjilar Matiyu, sura ta 5, an umurci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa na da ƙara a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna. Manzo Bulus kuma a wasiƙarsa ga Romawa ya kawo tambayar mai awon hatsi da kansa, ko a ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya kuwa ƙi ta ƙi mai tsanani. Wani fasto na Jamus, Dietrich Bonhoeffer, wanda gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya rubuta littafi a 1937 yana faɗa da abin da ya kira alheri mai araha, watau gafarar da a ke shela ba tare da tuba ba. Ka ga ashe malamansu sun riga mai awon hatsi ganin wannan cuta, sun kuma fi shi zafi a kanta.

Saboda haka, kai mai ba da waƙa a majami'a, in kuɗin adashin mata na hannunka ka ƙi fitarwa, in ka matsa iyakar gona ka ci kunya uku na gwauruwa, kada ka fake da cewa gafara kyauta ce. Ko a bisa koyarwarku, itace da 'ya'yansa a ke gane shi. A cikin duwatsun Birnin Kudu, inda mutanen da suka bar zanen shanu, akwai waɗanda in ka ƙwanƙwasa su su kan yi amo kamar ƙararrawa. Amon na kai nesa, amma in ya ɗauke, dutsen na nan dutse.

Kai kuma ɗan'uwana mai carbi, kada ka yi murna, gama naka ya fi tsanani. Malamanmu sun raba hakki biyu, na Allah da na bayinsa. Imamu Nawawi a Riyadus Salihina ya lissafa sharuɗɗan tuba: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudura ba za ka koma ba. In laifin ya shafi wani mutum sai a ƙara na huɗu, ka mayar masa da hakkinsa ko ka nemi ya yafe maka. A cikin Sahihu Muslim an ba da labarin matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo ran ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biya, in ya ƙare a kwaso zunubansu a aza masa. Akwai kuma sura sukutum a Alƙur'ani da aka buɗe ta da azabar masu tauye mudu. To, istigfari dubu bayan sallar asuba, da mudu biyu bayan hantsi, ina bambancinsa da abin da ka ke zargin maƙwabcinka da shi?

Akwai wata cuta kuma da ta fi waɗannan ɓoyuwa, ita ce mai da gafara sandar dukan mai rauni. Na sha ganin haka a zaman sulhu, a gidajen Musulmi da na Kirista. Mai ƙarfi ya cuci maraya, a tara dattawa, kafin a ko ji ƙarar sai a fara, "A yafe, a yafe, duniya nawa ta ke?" Wannan ya jawo aya, wancan ya tayar da waƙa. Yaro ya ga kowa shi ya ke kallo, kunya ta kama shi, ya ce ya yafe. A shafa fatiha ko a yi addu'a, a watse, gona na hannun wanda ya ƙwace. Wannan ba sulhu ba ne, fashi ne aka sa masa rawani. Suratu Shura ta halatta wa wanda aka zalunta ya nemi hakkinsa, sa'an nan ta yabi wanda ya yafe. Linjilar Luka a sura ta 17 ta ce a tsauta wa mai laifi, in ya tuba a gafarta masa. Duka biyu sun sa gaskiya a gaba. Yafewa dukiyar wanda aka cuta ce, shi ke kyauta da ita in ya so. Dattijon da ya ƙwace ta daga hannunsa ya miƙa wa azzalumi ya yi tarayya cikin zaluncin.

Wani zai ce, to, in haka ne ashe gafara tsakanin mutane ba ta yiwuwa. Tana yiwuwa mana, an kuwa yi ta a nan ƙasarmu. A rikicin da ya tashi daga Zangon Kataf a 1992 ya bazu har Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Kowannensu yana jagorancin matasan ɓangarensa, kowa na neman ɗaukar fansa. A 1995 aka haɗa su, suka fara magana, ba da daɗin rai ba, har suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna, suka shiga tsakani a Yalwan Shandam bayan kashe-kashen 2004. Fasto bai bar addininsa ba, Imam bai bar nasa ba. Hannu bai tsiro ba, matattu ba su dawo ba. Amma kowa ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya yafe da zaɓinsa, suka kuma biya da aikin shekaru. Irin wannan gafara tana da tsada, shi ya sa ta ke da daraja.

Saura masu cewa, me ya kai Musulmi karanta littafin waƙoƙin Kirista? Amsa ita ce, karatu daban, bi daban. Suratul Hujurati ta umurce mu mu bincika labari kafin mu ɗauka, ta kuma hana waɗansu mutane su yi wa waɗansu izgili. Suratul Ankabuti ta ce kada a yi jayayya da Ma'abuta Littafi sai ta hanya mafi kyau. Yaya za ka yi jayayya mai kyau da abin da ba ka sani ba? Rigimar gari ba da wuƙa ta ke farawa ba, da irin dariyar nan ta wurin mai shayi ta ke farawa. Yaron da ya ji ubansa na cewa maƙwabta ba su san zunubi ba, ran da aka ce a jefe su ba zai yi nauyin hannu ba.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, Allah ya ba ku abin da mai awon hatsi ba shi da shi, kuna iya dubawa da idonku. Kada ku bar kowa ya yi muku karatun maƙwabcinku da baki. Sa'an nan ga wani aiki da zan ba ku, na alƙalami ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. To, daren Alhamis in kai Musulmi ne, daren Asabar in kai Kirista ne, ɗauki takarda ka rubuta sunayen waɗanda ke binka, da kuɗi, da gona, da awo, da mutuncin da ka zubar a bayan idonsu. Kada ka ji kunyar tsawon takardar, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ka ke iya biya, je ka biya kafin ka shiga sahu ko ka buɗe littafin waƙa. Wanda ba ka iyawa, je ka same shi ka faɗa masa gaskiya, ka bar shi ya zaɓa.

Ni ma na rubuta tawa. A kan layin farko na sa matan nan masu tulu, saboda murmushin da na yi. Allah ya gafarta mana, ya ba mu ikon sauke hakkin bayinsa tun muna da numfashi, amin.